Binciken digiri na biyu da na uku: yadda ake kafa hujja a lissafi, fiziks, nazarin halayya da koyarwa

Binciken gaba da digiri na farko shi ne nazarin da ɗalibi ke gudanarwa da kansa, ƙarƙashin kulawar gogaggen malami, domin samun digiri na biyu ko digiri na uku, wanda jama'a suka fi sani da digirin digirgir. A digiri na farko ana auna yadda ɗalibi ya riƙe karatun da aka ba shi. A na biyu ana so ya nuna cewa hannunsa ya faɗa da hanyoyin bincike na fanninsa. A na uku kuwa sharaɗin ya fi tsauri: wajibi ne ya zo da wani abu da ba a sani ba kafin aikinsa, komai ƙanƙantarsa, kuma ya shimfiɗa hujjarsa ta yadda wani masani, a Zariya yake ko a Alƙahira, zai iya bin sawunsa ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi.

Lamarin ya shafi mutane da dama da ba malaman jami'a ba. Ma'aikacin gwamnatin da ya nemi hutun ƙaro ilimi yana sadaukar da shekaru daga cikin shekarun aikinsa. Ɗan kasuwar da ya ɗauki nauyin ɗansa ko ƙanensa yana zuba dukiya mai yawa. Sannan da sakamakon irin wannan bincike ne hukumomi kan kafa hujja idan za su sauya manhaja ko harshen koyarwa a makarantun da 'ya'yan kowa ke zuwa. Fannoni huɗu, wato lissafi da fiziks da nazarin halayyar ɗan Adam da ilimin koyarwa, sun isa misali, domin kowannensu yana da nasa ma'aunin gaskiya, kuma wanda ya san ma'aunan zai iya bambance kundi mai nauyi da tarin takarda.

Asalin digirin

Kalmar dakta daga harshen Latin take, ma'anarta mai koyarwa. A tsofaffin jami'o'in Turai irin su Bologna da Paris, laƙabin izini ne na karantarwa, kusan kamar ijazar da malamin zaure ke bai wa almajirin da ya sauke littafi a gabansa. Sauyin da ya haifar da tsarin yau daga Jamus ya fito a ƙarni na 19, musamman bayan kafa Jami'ar Berlin a 1810 bisa tunanin Wilhelm von Humboldt, wanda yake ganin bai dace a raba koyarwa da bincike ba. Jami'ar Yale ce ta fara ba da irin wannan digiri a Amurka a 1861, Jami'ar Oxford ta Ingila kuma ta rungume shi a 1917. Haruffan PhD na nufin dakta a falsafa, saboda a tsohon tsarin Jamus duk ilimin da ba na addini ko shari'a ko likitanci ba yana ƙarƙashin tsangayar falsafa ne. Abin da ya sa masanin lissafi ke ɗauke da laƙabin ke nan ko da bai taɓa zama ajin falsafa ba.

A Najeriya, Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, ta Nsukka ta biyo a 1960, sai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Legas da ta Ife a 1962. Rukunin farko na masanan ƙasar a waje suka yi digirinsu na uku. Chike Obi ya samu nasa a lissafi daga Cambridge a 1950, Aliu Babatunde Fafunwa ya yi nasa a fannin koyarwa a Jami'ar New York a shekarun 1950, Iya Abubakar kuma, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, shi ma a Cambridge ya yi nasa. Su da tsararrakinsu ne suka dawo suka kafa sassan da ke yaye daktoci a cikin gida a yau.

Matakan aikin a jami'o'in Najeriya

Tsarin yakan ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ke shata mafi ƙarancin sharuɗɗa. Galibi ana neman mai son digiri na biyu ya zo da digiri na farko mai daraja ta biyu aƙalla, tare da takardar kammala yi wa ƙasa hidima ko ta yafewa. Wanda sakamakonsa bai kai ba, ko mai babbar difloma ta HND, yakan fara da diflomar gaba da digiri. Digiri na biyu kan ɗauki kimanin shekara biyu, na uku kuma shekara uku aƙalla ga mai karatun cikakken lokaci, ko da yake da yawa kan wuce haka.

Akwai wani bambanci da ma'aikata suka fi faɗawa ciki. Digiri na biyu iri biyu ne: na bincike, wanda ke ƙarewa da cikakken kundi, da na ƙwarewar aiki, irin su MBA da MPA da ake yi da yamma ko a ƙarshen mako. Na biyun yana da amfaninsa a ofis, amma jami'o'i da yawa ba sa karɓarsa a matsayin tsanin hawa digiri na uku, don haka mai wannan buri ya kamata ya tambaya tun kafin ya sayi fom.

Bayan kwasa-kwasan aji, sashe kan naɗa wa ɗalibi malaman da za su duba aikinsa. Sai ya rubuta ƙudurin bincike ya gabatar a taron ƙara wa juna sani na sashe, inda za a tambaye shi wace matsala yake son warwarewa, wa ya riga shi taɓa ta, kuma ta wace hanya zai bi. Kundin da aka fi sabawa da shi babi biyar ne: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin gudanar da bincike, sakamako da nazarinsa, sai kammalawa da shawarwari. Idan aiki ya nuna, ɗalibi zai kare shi a cikin gida, daga nan a gayyato mai jarrabawa daga wata jami'a ya karanta ya kuma titsiye shi baki da baki. Kwamitin na iya amincewa, ko ya nemi gyara ƙarami ko babba, ko ya ƙi aikin gaba ɗaya. Digiri ba ya tabbata sai majalisar malaman jami'a ta sa hannu.

Lissafi: hujja yankakkiya

A lissafi ba a yarda da magana don an gwada ta sau da yawa ta yi daidai. Akwai wani misali da ake dangantawa da Leonhard Euler, masanin ƙarni na 18. A ɗauki lamba, a riɓanya ta da kanta, a ƙara ta a kai, sannan a ƙara 41. Lamba 1 za ta ba da 43, lamba 2 ta ba da 47, lamba 3 ta ba da 53, kuma dukkansu lambobi ne da ba sa rabuwa sai da kansu ko da 1. Haka abin zai ci gaba har lamba 39. Mai gaggawa zai ce ya gano doka. Amma a lamba 40 amsar ita ce 1,681, wato 41 sau 41. Misali guda ya rushe abin da misalai 39 suka gina. Saboda haka abin da ake nema daga ɗalibin lissafi shi ne jerin dalilai, kowane ɗaya yana fitowa dole daga wanda ya gabace shi, har a kai ga sakamakon da ya game dukkan lambobi.

Tsananin wannan ma'auni ya bayyana a labarin da'awar Pierre de Fermat. Kowa ya san 9 da 16 sun ba da 25, wato 3 sau 3 da 4 sau 4 sun yi daidai da 5 sau 5. Wajajen 1637 Fermat ya rubuta a gefen littafi cewa idan aka riɓanya kowace lamba har sau uku ko fiye, ba za a taɓa samun cikakkun lambobi uku da za su daidaita haka ba. An shafe fiye da shekara 350 babu hujja. Andrew Wiles ya yi kimanin shekara bakwai yana aiki a kai, ya sanar da nasara a Cambridge a watan Yunin 1993, sai masu tantancewa suka gano giɓi a mataki guda. Bai samu toshe shi ba sai a Satumbar 1994, da taimakon tsohon ɗalibinsa Richard Taylor, aka kuma buga aikin a 1995.

Yawan shafi ba ya cikin ma'aunin. Kundin John Nash na Jami'ar Princeton a 1950 shafi 28 ne kacal, amma yana cikin ayyukan da suka kai shi ga lambar yabo ta Nobel a tattalin arziki a 1994. George Dantzig kuwa, a 1939, ya makara zuwa aji a Berkeley, ya kwafi wasu tambayoyi biyu daga allo bisa zaton aikin gida ne, ya warware su, ashe matsaloli ne da suka gagari masana ƙididdiga. Su ne suka zama kundinsa. Lissafi ba ya buƙatar injuna masu tsada. Abin da ya fi buƙata shi ne malami mai zurfi da damar karanta sababbin ayyuka. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja, da cibiyar AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003 wadda ta yi rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, suna cikin wuraren da aka tanada domin haka.

Fiziks: sai awo ya yarda

A fiziks, komai kyan lissafi, ba ya zama gaskiya sai gwaji ya mara masa baya. A 1924 Louis de Broglie ya gabatar da kundi a Paris yana cewa ƙwayoyi irin su elektron suna da ɗabi'ar igiyar ruwa. Ra'ayin ya yi wa masu jarrabawa baƙo, har aka aika wa Albert Einstein kwafi domin jin ta bakinsa. A 1927 Clinton Davisson da Lester Germer suka ga alamar hakan a ɗakin gwaje-gwaje a Amurka, a 1929 kuma de Broglie ya karɓi lambar Nobel.

Wani lokaci ɗalibi kan riga malamansa ganin gaskiya. A kundinta na 1925, Cecilia Payne ta nuna cewa mafi yawan abin da taurari suka ƙunsa iskar haidurojin ce da hiliyam. Babban masanin taurari na lokacin, Henry Norris Russell, ya sa ta sassauta maganar, sai ga shi a 1929 ya kai ga sakamako iri ɗaya. A 1967 Jocelyn Bell, tana ɗalibar digiri na uku a Cambridge, ta lura da wani ɗan zane a cikin dogayen takardun da na'urar sauraren sama ke fitarwa, sigina mai maimaita kansa duk bayan daƙiƙa ɗaya da sulusi. Wannan shi ne gano wani sabon nau'in tauraro mai juyawa da sauri. Lambar Nobel ta 1974 ta tafi ga malaminta Antony Hewish da Martin Ryle, abin da har yau ake kawowa idan ana muhawara kan haƙƙin ɗalibi a aikin haɗin gwiwa.

Mai sayar da zinare ya san kowane sikeli yana da iyakar da ba ya iya bambancewa. Haka masanin fiziks: ba ya ba da adadi sai ya haɗa da gwargwadon kuskuren da ke iya kasancewa a cikinsa. A Satumbar 2011 wata tawaga ta sanar da cewa ƙwayoyin niyutirino da aka harbo daga cibiyar CERN ta Geneva zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, sun riga haske isa. Da hakan ya tabbata, da ka'idar Einstein ta girgiza. A 2012 aka gano cewa wata wayar sadarwa ce ba a ɗaure ta da kyau ba. Irin wannan ne ya sa masu binciken ƙwayoyi ba sa shelar gano sabon abu sai yiwuwar katari kaɗai ya haifar da irin alamar ta yi ƙasa zuwa kusan 1 cikin miliyan 3.5. Da wannan ma'auni aka sanar da ƙwayar Higgs ranar 4 ga Yulin 2012.

Fiziks na gwaji yana cin kuɗi da mutane. Wata maƙala kan nauyin ƙwayar Higgs da aka buga a 2015 tana ɗauke da sunayen marubuta fiye da 5,000. A gida, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, wadda ta fara aiki a 2004, kuma ɗalibai na amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 ta daɗe tana karɓar masana daga ƙasashe masu tasowa.

Nazarin halayya: auna abin da ido ba ya gani

An saba ƙirga farkon wannan fanni a matsayin kimiyya daga ɗakin gwaje-gwajen da Wilhelm Wundt ya buɗe a Leipzig ta Jamus a 1879. Wahalarsa ita ce tsoro da basira da damuwa ba sa hawa sikeli. Mai bincike yakan dogara da takardar tambayoyi ko gwaji ko lura da ɗabi'a, sannan ya nemi ƙididdiga ta faɗa masa ko bambancin da ya gani na gaske ne. Al'adar fannin ita ce a karɓi sakamako idan yiwuwar katari kaɗai ya haifar da irinsa ba ta kai 1 cikin 20 ba. Wannan ƙofa tana da faɗi: wanda ya gwada abu ashirin ya ɓoye goma sha tara, ba wuya ya samu guda da zai yi tutiya da shi.

An ga illar hakan a 2015, lokacin da wata babbar tawaga ƙarƙashin Brian Nosek ta sake gudanar da bincike 100 da manyan mujallu suka buga. A bugun farko 97 sun ce sun samu sakamako mai ƙarfi. A maimaitawar, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka tsallake ma'aunin. Kafin nan, a 2011, wasu matasan masu bincike a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan sun fallasa Farfesa Diederik Stapel, wanda ya shekara da shekaru yana ƙirƙiro alƙaluma. An janye maƙalunsa fiye da 50, kuma akwai kundayen ɗalibansa da aka gina a kan alƙaluman da ya ba su. Daga cikin gyare-gyaren da suka biyo baya akwai rubuta hasashe da hanyar nazari a bainar jama'a tun kafin a tattara bayanai, da buɗe alƙaluma ga duk mai son dubawa.

Matsala ta biyu ita ce a kan wa aka yi gwajin. Wata maƙala ta 2010 ta Joseph Henrich da abokan aikinsa ta jawo hankali ga cewa kimanin kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi nazari a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu, waɗanda ba su wuce kashi 12 cikin 100 na al'ummar duniya ba. Ga ɗalibin da ke aiki a Kano ko Sakkwato, wannan gargaɗi ne kuma dama ce. Ma'aunin da aka tsara a Amurka yana iya lissafa yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba a matsayin mai rashin yarda da kai, alhali a gidan Bahaushe kunya ce da tarbiyya. Shi ya sa ake buƙatar a fassara takardar tambayoyi zuwa Hausa, wani dabam ya mayar da ita harshen asali a kwatanta, sannan a gwada ta kafin a dogara da ita.

Akwai kuma batun haƙƙin waɗanda ake nazari a kansu. A gwajin Stanley Milgram na Yale da aka fara a 1961, mutum 26 cikin 40 sun bi umarni har suka danna abin da suka ɗauka lantarki ne mai ƙarfin bolt 450 a jikin wani. Damuwar da suka shiga tana cikin dalilan da suka sa yanzu ba a fara bincike a kan mutane sai kwamitin ɗa'a ya amince, kuma sai an nemi yardarsu bayan cikakken bayani.

Koyarwa: gwaji a cikin aji

Binciken koyarwa yana aron hanyoyi daga nazarin halayya da ƙididdiga da tarihi, kuma babbar tambayarsa ita ce: idan yara sun ƙara ƙoƙari, mene ne sanadi? Amsar ba ta samuwa sai an kwatanta rukunin da aka yi wa sabon abu da wani rukuni mai kama da shi da ba a yi masa ba. Fitaccen misali a Najeriya shi ne shirin firamare na shekara shida da Fafunwa da abokan aikinsa suka fara a Ife a 1970. An koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda, wasu kuma aka bi da su ta tsohon tsari na komawa Turanci bayan shekara uku. Masu shirin sun ba da rahoton cewa 'yan rukunin farko ba su gaza a Turanci ba, kuma sun fi a darussa da dama. Masu suka sun tambaya ko harshen ne ya yi aikin ko kuwa sababbin littattafai da ƙwararrun malaman da aka tanada. Muhawarar harshen koyarwa, wadda ta shafi Hausa kai tsaye, har yau da wannan bincike ake buɗe ta.

Rarraba yara ta hanyar ƙuri'a ita ce hanyar da ta fi toshe irin wannan shakku. A jihar Tennessee ta Amurka, daga 1985 zuwa 1989, an raba yara fiye da 11,000 tsakanin ƙananan azuzuwa masu ɗalibai 13 zuwa 17 da manya masu 22 zuwa 25, aka ga 'yan ƙananan azuzuwa sun fi, musamman 'ya'yan marasa galihu. A yammacin Kenya kuwa, Michael Kremer da abokan aikinsa sun gano cewa raba littattafai kyauta bai ɗaga matsakaicin sakamakon yara ba. Waɗanda dama suke kan gaba ne kaɗai suka amfana, domin littattafan da Turanci suke, yawancin yaran kuma ba sa iya karanta su. Sakamako irin wannan ba ya yi wa mai rabon kwangila daɗi, amma yana hana a zubar da kuɗi.

Ƙaramin gwaji kuma yana iya kambama abu. A 1984 Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago, bisa kundayen ɗalibansa biyu, ya ce matsakaicin yaron da aka koyar shi kaɗai yana fin kashi 98 cikin 100 na 'yan aji na gama-gari. Nazarce-nazarcen baya sun tabbatar da amfanin koyarwar ɗai-ɗai, amma ba su same shi da girman haka ba.

Abubuwan da ke ɓata aiki

Satar rubutu ce kan gaba, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2011 ministan tsaron Jamus Karl-Theodor zu Guttenberg ya yi murabus bayan Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na uku, a 2013 kuma ministar ilimi Annette Schavan ta bi sahu kan kundin da ta rubuta fiye da shekara 30 kafin nan. Jami'o'in Najeriya da dama yanzu suna bi da kundi ta manhajar kwamfuta mai gano kwafe. Akwai kuma masu rubuta wa mutane kundi a biya su, da mujallun bogi da ke buga duk abin da aka aika musu muddin an biya, ba tare da ƙwararru sun tantance ba.

Takardun bogi ma sun zama abin damuwa. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu, ya nuna yadda ya samu digiri na farko daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo a Janairun 2024. Digirin girmamawa kuwa karramawa ce da jami'a ke yi wa mutum saboda hidimarsa. Babu kundi a bayansa, kuma ba ya ba mai shi damar koyarwa ko duba aikin ɗalibai.

Jinkiri shi ne ƙorafin da ya fi yawa. Malami ɗaya kan riƙe ɗalibai fiye da ƙima, kayan gwaji su lalace, wuta ta yi ƙaranci, ga yajin aiki. Na ƙungiyar ASUU a 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Ta fuskar kuɗi, asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun ETF, yana ɗaukar nauyin ƙaro karatun malaman manyan makarantun gwamnati yana kuma ba da tallafin bincike, asusun PTDF kuma yana ba da guraben karatu a fannonin da suka shafi man fetur da makamashi. Ma'aikacin da ba malami ba galibi da aljihunsa yake yi, kuma idan ya samu hutu da albashi akan ɗaure shi da yarjejeniyar dawowa ya yi wa ma'aikatarsa aiki na wasu shekaru.

Yadda ake gane aiki mai inganci

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma ko wanda ba masani ba yana iya yin wasu tambayoyi. Shin mai kundin zai iya faɗin abin da ya gano cikin jimla biyu, da kuma abin da aka sani kafin shi? Idan lissafi ne, wace mujalla ce ta tantance hujjar? Idan fiziks ne, da wace na'ura aka yi awo, kuma nawa ne gwargwadon kuskuren? Idan halayya ce ko koyarwa, mutum nawa aka nazarta, yaya aka zaɓe su, kuma da wa aka kwatanta su? Mai niyyar shiga kuma yana da nasa binciken kafin ya biya kuɗin rajista: ya tabbatar NUC ta amince da kwas ɗin a wannan jami'a, ya duba ko malamin da zai duba aikinsa yana buga bincike a fannin, ya kuma tambayi tsofaffin ɗaliban sashen shekara nawa suka yi kafin su kare kundinsu. Kwafin kundayen da aka amince da su suna ajiye a ɗakunan karatu na jami'o'i, wasu kuma an ɗora su a intanet, inda kowa zai iya buɗewa ya karanta.